Allurar Sinawa da hawan jini: a daina raba marasa lafiya da ƙwayarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda tallar maganin gargajiyar ƙasar Sin, musamman tsira siraran allurai a jiki da ake kira akufanca, ta fara kutsawa gidajen masu fama da hawan jini a nan Jihar Zamfara. Na yi aikin jinya a asibitocin karkara har na yi ritaya, kuma da ban ga abin da ya sami yayana da idona ba, da wataƙila ban ɗauki alƙalami ba.

Yaya ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi a Gusau, ya ba shekara 60 baya, kuma an daɗe da tabbatar masa da hawan jini. Ƙwaya ɗaya yake sha kowace safiya, awonsa kuma yana zaune inda ake so. Wata rana wani abokin cinikinsa ya kai shi wani shago da aka kama haya, aka rataya labule da hotunan jikin ɗan'adam masu zane-zane da rubutun Sinanci. Mai shagon, wanda ɗan ƙasa ne kamar ni da kai amma sanye da farar riga irin ta likitoci, ya ba shi wani ƙarfe ya riƙe a tafin hannu, wayarsa haɗe da kwamfuta, bayan 'yan mintoci ya karanto masa jerin cututtuka, ya ce hanyoyin jininsa sun toshe, amma zama 12 na tsira allura tare da wani ganyen shayi da wasu ƙwayoyi masu kwanso za su buɗe su har abada. Sai ya ƙara da maganar da ta yi ɓarnar, wai maganin bature yana cinye ƙoda, yana kuma rage wa namiji ƙarfi, don haka a ajiye shi kafin a fara nasa. Yaya ya ajiye, bai gaya mini ba domin ya san abin da zan ce, kuma ya yi ta faɗa wa iyalinsa cewa bai taɓa jin jikinsa sakayau haka ba. Bayan kimanin wata biyu ya faɗi a bakin rijiya yana alwalar asuba, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa na hagu ya saki. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau da sanda yake tafiya, yana jan ƙafa.

Ba zan rantse cewa allurar ce ta kayar da shi ba, kuma ba na jin ita ce. Abin da na tabbata da shi, a matsayina na wanda ya ga irin wannan sau da yawa a bakin aiki, shi ne ajiye ƙwayar ne ya bar jinin ya hau ba tare da kowa ya auna ba. Hausawa na cewa jiki magayi, to amma hawan jini yana cikin cututtukan da jiki yake yin shiru a kansu, mutum yana yawo da awo 180 bisa 110 yana cin tuwonsa yana barcinsa lafiya lau, yayin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido suke lalacewa a hankali. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 ke da wannan cuta, kuma kashi 46 cikin 100 nasu ba su ma san suna da ita ba. Saboda haka duk mai maganin da ya tambayi majinyaci yaya yake jin jikinsa, ya kafa hujja da amsar ba tare da ya ɗaura masa abin awo a hannu ba, kallon kitse yake sa shi ya yi wa rogo.

Kada a ɗauka raini nake yi wa ilimin Sinawa. Masu tallar nan suna yawan jawo maganar da ta shahara a bakin mutane ta neman ilimi ko da a birnin Sin ne, wadda malaman hadisi da dama suka raunana, amma ko ba da ita ba, kowa ya san Sinawa mutane ne masu daɗaɗɗen tarihin magani. Tsira allura ta haura shekara 2000 a rubuce a wurinsu. A fahimtarsu ta gargajiya, akwai wani ƙarfin rai da suke kira chi wanda yake gudana ta manyan hanyoyi 12 a jiki, cuta kuma tana zuwa ne idan ya toshe ko ya rinjayi wani ɓangare, sai a tsira allura a wasu gurabe, waɗanda aka daidaita lissafinsu a kan 361, domin a gyara gudanarsa. Masu binciken sassan jiki ba su taɓa ganin waɗannan hanyoyi ba kamar yadda ake ganin jijiya ko hanji, sai dai an gano cewa allurar tana taɓa jijiyoyin ji, tana kuma sa jiki ya saki sinadaran da ke rage zafi. Shi ya sa ake samun wasu shaidu na amfaninta ga ciwon baya da na gwiwa da wasu nau'o'in ciwon kai da tashin zuciya. Turawa sun waye da ita sosai ne bayan 1971, lokacin da wani ɗan jaridar Amurka mai suna James Reston ya rubuta yadda aka yi masa ita a Beijin don rage zafi bayan tiyata, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun ɗan'adam da ya kamata a adana. Wannan karramawa ce ga al'ada, ba ta ce komai a kan hawan jini ba, ko da yake na ji ana kafa hujja da ita.

Akwai ma abin da kowane gida a Zamfara yake ci daga taskar Sinawa ba tare da ya sani ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke ba 'ya'yanmu duk damina, irin su Coartem, tushensa wani ganye ne dangin tazargade. Wata masaniya mai suna Tu Youyou ce ta jagoranci tono shi, a ƙarƙashin wani shirin gwamnatinsu da aka fara a 1967. Ita da abokan aikinta sun bi dubban haɗe-haɗen gargajiya, suka gwada ɗaruruwa, yawancinsu suka faɗi a gwaji, har ta ci karo da wani tsohon rubutu da ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse, daga nan ta fahimci cewa zafin tafasa ne ke kashe ƙarfinsa. Ta tace sinadarin, aka gwada a kan dabbobi, ta sha da kanta, aka gwada a kan majinyata, sannan duniya ta karɓa, kuma a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Abin lura a nan shi ne ɗaruruwan da suka faɗi, domin daɗewar magani a hannun kakanni ba ta hana shi faɗuwa idan aka kai shi ga awo.

To, an kai tsira allura ga awo a kan hawan jini, kuma ba sau ɗaya ba. A Amurka an yi wani gwaji da mutum 192 wanda aka buga sakamakonsa a 2006, inda aka raba su, wasu aka tsira musu allura a gurabe na ainihi bisa ƙa'idar Sinawa, wasu kuma aka tsira musu a guraben da ba su da alaƙa da maganin, ba tare da majinyacin ya san rukuninsa ba. Jinin kowane rukuni ya ɗan sauka, kuma babu bambanci tsakanin na ainihin da na bogen. A Jamus an yi wani da mutum 160, aka buga a 2007, shi kuwa ya nuna ɗan amfani, domin bayan zama 22 cikin mako 6 lambar sama ta awon jini ta sauka da kimanin maki 5, ta ƙasa da kimanin 3. Sai dai mafi yawan mutanen suna ci gaba da shan ƙwayoyinsu a lokacin gwajin, kuma da aka sake auna su bayan wata 3 da wata 6, awon ya koma inda yake tun farko. A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 22 da suka ƙunshi mutum 1,744, ta ce ba ta sami shaidar cewa allurar tana saukar da jini saukarwa mai ɗorewa ba. Wanda awonsa yake 170 ko 180, ko da ya sami waɗannan maki 5 ɗin, har yanzu yana bakin rami, kuma sai ya riƙa komawa shago sau uku ko huɗu a mako har ƙarshen rayuwarsa kafin ya riƙe su.

Dalilin da ya sa mutane ke rantsuwa cewa sun ga aiki da idonsu ba ɓoyayye ba ne. Mutum ya taso daga kasuwa cikin rana, ya hau babur, ya shigo a gajiye aka auna shi, dole awon ya yi sama. A kwantar da shi rabin awa a ɗaki mai sanyi, ba hayaniya, ba mai binsa bashi, a sake aunawa, dole ya sauka, ko an tsira allura ko ba a tsira ba. Mu ma a asibiti ƙa'idar ita ce a bar majinyaci ya zauna ya huta aƙalla minti 5 kafin a auna, kuma ba a yanke hukuncin hawan jini da awon rana ɗaya sai an maimaita an ga yana kai 140 bisa 90 ko fiye.

Ganyayyakin da ake haɗawa da allurar sun fi ita kanta ba ni tsoro. A cikin magungunan gargajiyar Sin akwai wani tsiro da suke kira ma huwang, wanda sinadarinsa yake ɗaga jini yana sa zuciya gudu, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sayar da shi a matsayin abin ƙarin lafiya a 2004 bayan an danganta shi da mace-mace. Akwai wata saiwa mai zaƙi da suke kira gan cao, wadda take shiga haɗe-haɗensu masu yawan gaske, kuma yawan shanta yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Akwai dan shen, wanda ake tallarsa don lafiyar zuciya, amma idan ya haɗu da maganin tsinka jini na asibiti yana iya jawo zubar jini. A farkon shekarun 1990 kuma, a ƙasar Beljiyam, ƙodar mata fiye da 100 ta lalace bayan shan wani haɗin rage ƙiba da aka sanya wa wani tsiron Sin bisa kuskuren suna, da yawansu suka koma kan wankin ƙoda ko dashe. Likitan gargajiya na ƙwarai a can ƙasarsu ya yi shekaru a jami'a yana koyon waɗannan abubuwa, ya san wanda zai ba da wanda zai hana. Wanda ya yi kwas na mako biyu ya sayi farar riga bai ma iya karanta abin da ke jikin kwalbar ba, haka shi ma mai saye.

Mu mutanen Zamfara muna da ƙarin dalilin yin hattara da duk wani gari ko ƙulli da ba mu san abin da ke cikinsa ba. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, alhali ƙurar da ta kashe su ba ta da wari ko ɗanɗanon da zai sa uwa ta yi zargi. An sha samun dalma da makamantanta a wasu magungunan gargajiya da ake shigowa da su daga ƙasashe daban-daban, kuma dalma tana cikin abubuwan da ke ɗaga jini su ɓata ƙoda. Lambar NAFDAC da ake nuna wa mutane a jikin kwali ma tana buƙatar bayani, domin rajistar da hukumar ke yi wa yawancin magungunan ganye tana nufin an duba ba su da illa ta kusa ne, ba ta nufin an tabbatar suna warkar da cutar da aka rubuta, balle kuma kwalin da ba shi da lambar ko aka buga masa ta jabu. Ita ma allurar, idan aka maimaita ta daga jiki zuwa jiki, hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau, darasin da wanzamanmu masu ƙaho da tsaga suka daɗe da koya har da yawansu suka koma sabuwar reza ga kowane mutum. Idan kuma aka zurfafa ta a ƙirji ko a gadon baya ba da sani ba, tana iya huda huhu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ya Edita, shi ne masu tallar ba sa faɗa mana abin da su Sinawan suke yi wa hawan jinin talakawansu na karkara. Idan kura na maganin zawo, ai a kanta za a fara gani. A 2021 an buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a ƙauyuka 600 na arewacin Sin da mutum 20,995, inda aka ba rabinsu gishirin da aka rage masa sinadarin sodiyam mai ɗaga jini, aka maye kashi 25 cikin 100 da fotasiyam. Bayan kimanin shekara 5, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a cikinsu, mutuwa kuma da kashi 12. A 2022 aka buga wani, wanda aka yi a ƙauyuka 326 da mutum kusan 34,000, inda aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba manyan likitoci ba ne, suka riƙa auna mutane, suna ba su ƙwayoyin asibiti kyauta ko da rangwame, suna raba musu abin awo na gida, suna bibiyarsu. Cikin wata 18, kashi 57 cikin 100 na waɗanda aka bibiya sun sauko ƙasa da 130 bisa 80, alhali a sauran ƙauyukan kusan kashi 20 ne kawai. Wannan shi ne maganin Sinawa da nake so a shigo mana da shi Maru da Tsafe da Gummi, domin muna da ma'aikatan lafiya na matakin farko da suka iya wannan aiki sarai idan aka ba su kayan awo da magani da tsaro.

Batun gishiri kuwa yana cikin tukunyarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, mu kuwa miya ɗaya sai ta sha gishiri, ta sha dunƙulen magi uku ko huɗu, a jefa kanwa, sannan a kawo yaji mai gishiri a gefe, kuma kanwar da maggin duka sodiyam ne a wata riga. Rage su ba ya cin ko kwabo, daddawa da albasa da tafarnuwa kuma suna nan don ɗanɗano. Sai dai mai ciwon ƙoda kada ya koma gishiri mai fotasiyam sai da izinin likita.

Dole kuma in faɗi laifinmu, mu ma'aikatan lafiya. Mai shagon nan ya zauna da yayana kusan awa guda, ya tambaye shi barcinsa da cin abincinsa da damuwarsa, ya kira shi Alhaji, ya raka shi bakin ƙofa. A asibiti kuwa mutum yakan yi layi tun safe, a gan shi cikin minti uku, a miƙa masa takarda ba tare da an bayyana masa cewa wannan ƙwaya ta har abada ce ba, shi ya sa da yawa suke sha wata ɗaya, su ji sauƙi, su ɗauka an warke kamar zazzaɓi. Ba a gaya masa cewa amlodifin na iya kumbura ƙafa ba, ko lisinofiril na iya kawo busasshen tari, kuma idan hakan ta faru akwai wani da za a sauya masa. Maganar rage ƙarfin namiji ma ba a banza ta samo asali ba, domin wasu daga cikin tsofaffin magungunan suna iya taɓa wasu mazan, amma kunya ta hana majinyaci faɗa, gaggawa ta hana likita tambaya, alhali shi kansa hawan jinin da ba a kula da shi ba yana kashe wannan ƙarfi, kuma shi ne ke cinye ƙodar da ake ɗora wa ƙwaya laifinta. Ga tsadar magani, ga hanyoyin da ba a bi sai da addu'a, ga asibitocin ƙauye da rashin tsaro ya rufe. Ilimin kuwa yana nan a gida, domin a 2019 an buga wani gwaji da wani likitan zuciya na Jami'ar Abuja, Dike Ojji, ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, wanda ya nuna cewa haɗin magani mai amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da ta san adadin irin waɗannan shaguna a Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, ta tambayi masu su takardar shaidar inda suka yi karatu, ta kuma hukunta duk wanda aka samu yana umartar majinyaci ya bar maganin asibiti. Ina roƙon gidajen rediyonmu su daina sayar da fili ga mai cewa yana warkar da hawan jini kwata-kwata, domin dattijon ƙauye yana ɗaukar duk abin da ya fito daga rediyo a matsayin abin da hukuma ta tantance. Limamai kuma za su taimaka ƙwarai idan suka ba ma'aikatan lafiya dama su ajiye tebur da abin awo a harabar masallaci bayan Juma'a, ko da sau ɗaya ne a wata, ba sai an jira 17 ga Mayu da ake bikin ranar hawan jini ta duniya ba.

Wanda kuma ya ga yana son a tsira masa allura saboda ciwon baya ko gwiwa, ban hana shi ba, amma ya ci gaba da ƙwayarsa, ya ga an ɓare sabuwar allura a gabansa, ya kai wa likitansa duk kwalbar da aka ba shi kafin ya sha, ya kuma riƙa aunawa yana rubutawa.

Yaya ya koma kan maganinsa, an ƙara masa na biyu, kuma 'yarsa ce ke auna shi safe da yamma tana rubutawa a littafin makaranta. Shagon an rufe shi, an ce mai shi ya koma wani gari. Ragowar ganyen shayin da kwalabe biyu na ƙwayoyin suna wurina cikin leda, da rubutunsu da har yau ban sami mai karanta mini ba, kuma idan akwai hukumar da za ta karɓa ta kai ɗakin gwaji, a neme ni ta hannun Edita.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin jinya,
Gusau, Jihar Zamfara.